Tilasta wa Ma'aikatan Lafiya Rigakafin Mura: Hujjojin Masu Jayayya da Halin da Ake Ciki a Zamfara

Tambayar ko ya dace hukuma ko mai asibiti su gindaya wa ma'aikacin lafiya sharaɗin karɓar allurar rigakafin mura kafin a bar shi ya tsaya a kan majiyyaci ta shafe kusan shekara ashirin ana jayayya a kanta a Amurka da Kanada da Turai, har ta kai gaban kotuna da majalisun dokoki. A garin Nahuce na ƙaramar hukumar Bunguɗu, ko a Tsafe, ko a cikin Gusau kanta, ba a cika jin wannan takaddama ba, domin allurar da ake magana a kanta ba ta cikin jerin alluran da gwamnati take rabawa. Sai dai abin da yake ƙarƙashin takaddamar, wato iyakar haƙƙin ma'aikaci a kan jikinsa da iyakar haƙƙin majiyyaci a kan wanda yake jinyarsa, ya riga ya iso Nijeriya a zamanin korona, kuma zai sake dawowa duk lokacin da wata annoba ta kunno kai, don haka ya cancanci a duba shi tun ana cikin natsuwa.

Murar da ake nufi a nan ta bambanta da murar yau da kullum, wadda take zuwa da atishawa da yoyon hanci ta wuce cikin kwana kaɗan. Likitoci suna kiranta infuluwanza, ƙwayar cutar da take haddasa ta daban ce, kuma tana zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da tari, wani lokaci ta gangara cikin huhu ta zama ajalin tsoho, ko jariri, ko mai ciki, ko mai fama da ciwon suga ko ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa tsakanin mutum 290,000 zuwa 650,000 suke mutuwa kowace shekara sanadin cututtukan numfashi da wannan mura take jawowa. Ƙasar Hausa ma ta taɓa ɗanɗana mafi munin nau'inta, domin annobar 1918, wadda ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Legas a watan Satumba na shekarar ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta fatake zuwa Arewa, an ƙiyasta ta hallaka kimanin mutum rabin miliyan a Nijeriya. Ƙwayar tana sauya kama a kai a kai, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take zama sau biyu a shekara, a Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya da kuma Satumba domin na kudanci, ta yi hasashen nau'o'in da za su yaɗu, kamfanoni su haɗa allura a kan wannan hasashe. Wannan yana nufin dole a maimaita allurar kowace shekara, kuma ko a shekarar da hasashen ya dace, kariyar da take bayarwa takan tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100.

Hujjar masu goyon bayan tilastawa tana da nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Mai ɗauke da ƙwayar yana iya yaɗa ta kwana guda kafin shi kansa ya ji alamar ciwo, ma'aikatan jinya kuwa an san su da fitowa aiki ko ba su da lafiya saboda babu mai karɓarsu, sannan mutanen da suke kwance a gabansu su ne waɗanda jikinsu ya fi rauni, har ma allurar ba ta cika yi musu aiki yadda take yi wa mai ƙoshin lafiya ba. Majiyyaci bai zaɓi nas ɗin da za ta duba shi ba, bai kuma da hanyar sanin abin da take ɗauke da shi, amma ita ta zaɓi wannan aiki da saninta, don haka nauyin kiyayewa ya fi rataya a wuyanta. Ƙari a kan haka, shekaru na lallashi da faɗakarwa sun gaza kai adadin masu karɓar allurar inda ake so. Asibitin Virginia Mason na birnin Siyatil a Amurka shi ne babban asibiti na farko da ya mai da allurar sharaɗin aiki a 2005, kuma adadin ma'aikatansa da suka karɓa ya tashi daga kusan rabi zuwa sama da kashi 97 cikin 100. Rukunin asibitocin BJC na birnin St. Louis ya bi sahu a 2008, ya kai sama da kashi 98 cikin ma'aikata kusan 26,000, inda mutum takwas kacal aka sallama saboda ƙin karɓa. Ta fuskar cika ƙidaya, babu gardama cewa doka tana yin abin da wa'azi ya kasa.

Inda gardamar take shi ne ko cika ƙidayar yana ceton majiyyata gwargwadon yadda ake faɗa. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken da aka yi a kan magani ko wata dabarar jinya ta auna ingancinsu, ta duba gwaje-gwajen da aka gudanar a gidajen kula da tsofaffi, kuma a bitarta ta 2016 ta ƙarasa da cewa babu tabbatacciyar shaida cewa yi wa ma'aikata allura yana rage murar da aka tabbatar a ɗakin gwaji a tsakanin tsofaffin da suke kulawa da su. Wasu masana sun soki wannan bita, suna nuni da cewa gwaje-gwajen sun nuna raguwar mace-mace gaba ɗaya, wasu kuma suka amsa da cewa raguwar ta yi yawan da ba zai yiwu mura kaɗai ta bayyana ta ba, abin da yake nuna rauni a tsarin gwaje-gwajen. A kan wannan gaɓa ce ƙungiyar ma'aikatan jinya ta lardin Ontariyo a Kanada ta yi nasara har sau biyu, a 2015 da 2018, a gaban masu sasanta rikicin ƙwadago, waɗanda suka soke dokar da ta ce ko dai ma'aikaci ya karɓi allura ko ya ɗaura takunkumin fuska tsawon lokacin sanyi, suna masu ganin shaidar ba ta kai ta ɗauki nauyin dokar ba. Lardin Biritish Kolambiya ya kafa irin wannan doka a 2012, ya daina tilasta ta a ƙarshen 2019. Faransa ta sanya allurar mura cikin wajiban ma'aikatan lafiya, sai ta dakatar da wajabcin a 2006, alhali ta bar na ciwon hanta da ta wajabta tun 1991 yana aiki. Finlan kuwa ta bi ta wata hanya, inda daga 2018 doka ta ɗora wa mai asibiti nauyin kada ya tura ma'aikacin da ba shi da kariya wurin majiyyata masu rauni sai da dalili na musamman. Ke nan ƙasashen da suke da kuɗi da allura da ɗakunan gwaji ma ba su haɗu a kan matsaya guda ba, kuma bambancin da Faransa ta yi tsakanin allura da allura shi ne ya fi amfani ga mai tunani a kan Zamfara.

A Nijeriya, allurar mura ba ta cikin jadawalin rigakafi na ƙasa, wanda Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa take gudanarwa, sai dai mai hali ya neme ta a wasu asibitocin kuɗi na manyan birane, ko maniyyaci ya ji labarinta cikin shawarwarin da Saudiyya take bai wa mahajjata. Ƙasar ta fara mai da hankali ga wannan cuta ne bayan ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a yankin Jaji na jihar Kaduna a Fabrairun 2006, karo na farko da aka tabbatar da wannan nau'i a Afirka, daga nan aka kafa tsarin sa ido a 2008, inda wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, suke ɗaukar samfur daga masu tari da zazzaɓi a aika ɗakin gwaji. A ƙaramin asibitin karkara kuwa, mai zazzaɓi da ciwon jiki ana fara yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro ne, in bai nuna ba a koma ga taifot, don haka murar takan wuce ba tare da an kira sunanta ba. Akwai kuma matsalar lokaci, domin a ƙasashen sanyi cutar tana da lokaci ɗaya sananne da ake shirya masa, amma a ƙasashe masu zafi takan yi ta yawo a mafi yawan shekara, kuma tarin da ake yawan ji da hunturu ba duka ne nata ba, ƙura da wasu ƙwayoyin cuta suna da nasu kaso. Hukumar da za ta wajabta allurar sai ta fara sanin wane haɗi za ta saya, na arewa ko na kudu, da watan da za ta raba shi, da firjin da zai riƙe shi a garin da wuta ba ta tsayawa, kuma ta maimaita duk wannan kowace shekara. Dokar da ta umarci nas a Nahuce ta karɓi abin da babu shi a ɗakin ajiyar asibitinta, dokar takarda ce kawai, kuma mafi kusancin abin da za ta haifar shi ne cinikin katin shaida.

Gwajin da Nijeriya ta yi na tilastawa ya zo ne da korona. Kason farko na allurar AstraZeneca, kusan miliyan huɗu, ya sauka a Abuja ranar 2 ga Maris 2021, kuma ma'aikatan lafiya aka fara yi wa, wanda hakan daidai ne. A watan Oktoba na shekarar, Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, ya sanar cewa daga 1 ga Disamba ma'aikacin gwamnatin tarayya ba zai shiga ofis ba sai da shaidar allura ko sakamakon gwajin da bai wuce sa'a 72 ba, umarnin da ya shafi ma'aikatan cibiyoyin tarayya irin su Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. A cikin wannan wata na Disamba ne kuma hukumomi suka lalata allura sama da miliyan ɗaya a Abuja, domin an kawo su gudummawa wa'adinsu yana dab da ƙarewa. A cikin waɗannan watanni Zamfara tana cikin wani hali dabam, tun da an katse layukan waya a jihar daga watan Satumba saboda yaƙi da 'yan bindiga, an kuma rufe kasuwannin mako-mako, ta yadda isar da saƙo ma ya zama aiki, balle isar da akwatin sanyi. Tun kafin wannan, a 2020, ƙudurin dokar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa da aka gabatar a Majalisar Wakilai ya gamu da turjiya mai ƙarfi, kuma sassan da suka shafi tilasta rigakafi suna cikin abin da ya fi tayar da ƙura.

Wannan turjiya tana da tarihi a Arewa, kuma duk wanda ya yi watsi da tarihin zai tsara dokar da ba za ta zauna ba. A 1996, cikin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu, kuma shari'ar da ta biyo baya, wadda ta ta'allaƙa a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, ba ta ƙare da jihar Kano ba sai a 2009 da sulhun dala miliyan 75. A 2003 jihohin Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata maganin, Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004 bayan an samo shi daga Indunusiya, kuma a tsakanin haka cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara wannan ɓarna a hankali shi ne shigar sarakuna da malamai da matan unguwa masu bi gida-gida, har aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji a Agustan 2020. Zamfara ta sake ganin wani darasi a ƙarshen 2016 zuwa 2017, lokacin da sanƙarau nau'in C ya faro daga jihar, ya kama sama da mutum 14,000 a faɗin ƙasa, ya kashe fiye da 1,100. Allurar da aka yi wa jama'a a shekarun baya ta nau'in A ce kawai, kason farko na wadda ta dace kuwa bai wuce kusan rabin miliyan ba, kuma maganar da gwamna na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya yi cewa annobar horo ce daga Allah saboda saɓo ta jawo masa suka, har daga Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II. A wannan karon jama'a ne suke neman allura, ita ce ta yi ƙaranci.

Ma'aikacin lafiya a gari irin Nahuce shi ne fuskar rigakafi a idon mutane. Malamin asibiti ko ungozoma ɗan gari ne ko 'yar gari, ana haɗuwa da shi a masallaci da wurin suna da jana'iza, kuma uwar da take shakkar kai jaririnta awo shi take tambaya a asirce ko shi ya yi wa nasa 'ya'yan. A jihar da binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya sanya cikin waɗanda suke can ƙasa wajen cikakken rigakafin yara, alhali matsakaicin ƙasa ma kashi 31 cikin 100 ne, wannan amsa ta asirce ta fi kowace sanarwar rediyo tasiri. Ma'aikacin da aka yi wa allura bisa barazanar tsayar da albashi, ba tare da an zauna an amsa tambayoyinsa ba, zai miƙa hannu, amma labarin da zai kai gida shi ne an tilasta masa, kuma wannan labari zai taɓa allurar ƙyanda da ta shan inna da ta mashaƙo, waɗanda amfaninsu ya ninka na allurar mura nesa ba kusa ba.

Sannan kowace tilastawa tana tsayawa ne a kan hukunci, hukuncin kuwa shi ne dakatarwa ko kora. Ingila, da duk yawan ma'aikatanta, ta wajabta allurar korona ga masu aiki a gidajen tsofaffi a Nuwamban 2021, ta shirya faɗaɗa dokar ga ma'aikatan asibitoci daga Afrilun 2022, amma ta soke ta a watan Maris kafin ranar ta zo, kuma tsoron rasa dubban ma'aikata yana cikin abin da aka yi ta nunawa a muhawarar. A Nijeriya, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta bayyana a farkon 2024 cewa sama da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Zamfara tana da ƙarin nata dalilin, domin satar mutane a kan hanyoyi da cikin ƙauyuka ta sa ma'aikata da dama sun taru a Gusau, an bar asibitocin karkara da mutum ɗaya ko biyu, wasu ma a rufe. Korar nas guda a babban asibitin Siyatil gurbi ne da za a cike cikin mako, amma korar ungozoma guda a ƙauyen Bunguɗu ko Tsafe tana iya nufin mai naƙuda ta kama hanyar Gusau da dare, kuma haɗarin wannan tafiya ya fi haɗarin murar da ake gudu.

Duk da haka, kuskure ne a fahimci waɗannan dalilai a matsayin cewa babu allurar da ta cancanci zama sharaɗi. Ciwon hanta nau'in B shi ne misali mafi ƙarfi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayarsa, tana bin jini, kuma tsinin allurar da aka yi wa mai ɗauke da ita in ya soki ma'aikaci, yiwuwar kamuwa tana iya kaiwa kashi 30 cikin 100, alhali ta ƙanjamau ba ta kai kashi ɗaya ba. Rigakafinsa sau uku ne cikin wata shida, yana kare fiye da kashi 90 cikin 100 na manya masu lafiya, kariyar tana daɗewa shekaru masu yawa, kuma tun da sai a 2004 aka shigar da shi jadawalin jarirai, mafi yawan ma'aikatan da suke bakin aiki yau ba su same shi suna yara ba. Haka mashaƙo, wanda ya ɓarke daga Kano a ƙarshen 2022 ya bazu a Arewa, da ƙyanda, da sanƙarau, wanda Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurarsa mai kare nau'i biyar a 2024. Wurin da ya dace a gindaya irin wannan sharaɗi shi ne ƙofar shiga sana'ar, wato makarantar koyon jinya da ungozoma ta Gusau da kwalejin kimiyya da fasahar lafiya ta Tsafe, inda ɗalibi zai san sharaɗin kafin ya ɗauki alƙawarin aikin, a yi masa allurar kyauta a cikin makaranta, a rubuta a kundi, kafin a tura shi ɗakin haihuwa ko ɗakin gwajin jini. Sharaɗin da aka sani tun farko ya bambanta ƙwarai da wanda aka sauko wa mutum da shi bayan ya yi shekara ashirin yana aiki.

Ta fuskar doka, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta amince da haƙƙin mutum na a sanar da shi abin da za a yi masa da kuma haƙƙinsa na ƙin karɓa, ma'aikacin lafiya kuwa ba ya rasa wannan haƙƙi don ya sa farar riga. Ta fuskar fiƙihu, wanda yake da nauyi na musamman a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, ƙa'idar hana cuta da cutarwa da kuma ƙa'idar ɗaukar ƙaramar cuta domin tunkuɗe babba suna bai wa shugaba damar taƙaita 'yancin mutum domin maslahar jama'a, amma malamai sun sharɗanta cewa maslahar ta zama tabbatacciya ko mai rinjaye, kuma matakin kada ya wuce gwargwadon buƙata. Idan aka auna da wannan ma'auni, allurar ciwon hanta ta haye, ta mura kuwa, a halin da ake ciki na ƙarancin shaida da rashin allurar kanta, ba ta haye ba. Akwai kuma ɓangaren da masu kiran tilastawa ba su cika ambata ba, wato abin da ake bin hukuma ita kanta. A Janairun 2020 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sun rasu da zazzaɓin Lassa bayan sun kula da wata majiyyaciya, cutar da har yanzu ba ta da allurar rigakafi da aka amince da ita, wadda kariya daga gare ta ta dogara ga safar hannu da takunkumi da ruwa da sabulu da saurin gwaji. Hukumar da take neman ma'aikaci ya ba da jikinsa domin majiyyaci, wajibi ne ta samar da waɗannan, ta kuma ɗauki nauyin jinyarsa da diyyarsa in allura ko aikin ya cutar da shi.

Game da murar kanta, abin da ya dace da Gusau da Tsafe da Bunguɗu a yanzu shi ne a shigar da ɗaya daga cikin manyan asibitocin Gusau cikin tsarin sa ido, domin a san watannin da cutar take tashi a jihar da yawan waɗanda take kwantarwa. A ba ma'aikaci mai zazzaɓi da tari hutun ciwo na gaskiya, tare da wanda zai karɓe shi, ba tare da an taɓa alawus ɗinsa ba. A ajiye takunkumi a ɗakunan yara da na masu ciki da na tsofaffi. Idan kuma an samu allurar, a fara kai ta kyauta ga ma'aikatan waɗannan ɗakuna a wurin aikinsu da lokacin aikinsu, wanda ya ƙi ya sa hannu a takarda ya faɗi dalilinsa. Dalilan da za a tara daga waɗannan takardu, tare da alƙaluman sa ido na shekara uku ko huɗu, su ne za su nuna wa ma'aikatar lafiya ta jihar ko akwai buƙatar doka, da kuma ɗakunan asibitin da ya kamata dokar ta shafa.